Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitocin dabbobi na Arewa: ba karaya ce ta kashe shirwar nan ba

Assalamu alaikum likitocinmu na dabbobi, na gwamnati da masu zaman kansu, har da malaman da ke koyar da ku a Zariya da Sakkwato da Maiduguri da sauran jami'o'i. Ranku ya daɗe, ya aiki, ya haƙuri da mu.

Ni mai kiwon kaji ne a bayan gari, shekara 11 kenan ina wannan sana'a, don haka in akwai wanda ya kamata ya tsani shirwa da shaho to ni ne. Lokacin da nake sakin kajin gida a filin gona ban san adadin ƴan tsakin da suka sure min ba, har sai da na ɗauki yaro musamman aikinsa kawai ya zauna da gwangwani yana kaɗawa. Amma ga shi yau ni ne na zauna ina rubuta muku doguwar wasiƙa a kansu, kuma wallahi ba don na zama ɗan boko mai kare haƙƙin tsuntsaye ba ne, a'a, abu ne ya faru a hannuna ya tsaya min a rai, na yi ta juya shi har na ga gara in faɗa muku tunda ku ne masu ilimin abin.

Hunturun shekara uku da suka wuce yaron da ke min aiki ya shigo da wani abu a buhu yana motsi. Wai yara ne suka harbo shirwa da danƙo a bayan kwata, suna jan ta da igiya a ƙasa, shi kuma tausayi ya kama shi ya ba su naira ɗari biyu ya karɓo. Da na zazzage buhun sai ta faɗo ta kwanta rigingine, ƙafafu sama, farata a buɗe, baki a hangame tana haki kamar wadda ta yi gudun fanfalaki. Fiffiken hagu ya saki yana jan ƙasa. Ban taɓa ganin shirwa kusa haka ba, kullum sai dai inuwarta, ashe bakinta rawaya ne shar kuma duk girman nan da muke gani a sama gashi ne, da na ɗaga ta ko nauyin budurwar kaza ba ta kai ba.

To ga abin da na yi, zan faɗa muku tiryan-tiryan ba ɓoye-ɓoye. Na ga tana haki na ce ƙishirwa ce, na ɗauko sirinji na zuƙi ruwan gulukos na buɗe bakin na tsiyaya mata, ta shaƙe ta yi ta girgiza kai har kumfa na fita ta hanci, na ce alhamdulillahi ta sha. Na saka ta a kejin waya da nake ware kaza marar lafiya, na shimfiɗa mata tsohuwar dusar katako da muka kwashe daga ɗakin kaji, na kai ta sito inda buhunan abinci suke saboda can ne babu sanyi. Kafin la'asar labari ya zaga, maƙwabta da almajirai da masu sayen ƙwai kowa sai ya leƙa, wani ya zungure ta da kara don ta buɗe fiffike ya ɗauki hoto, ni kuma ina tsaye ina jin daɗi wai na yi aikin lada. Washegari na kira wani dattijo mai ɗori, ya ce shi dai bai taɓa ɗora tsuntsu ba amma ƙashi ƙashi ne, ya sa kara biyu ya naɗe da tsumma tamau. Na sayo mata hanta da tsoka zalla, mai kyau, wadda ko ni ban cika ci ba. Ta ƙi ci kwana biyu, na koma ɗura.

Na je wurare biyu da ake duba dabbobi, ba zan kama suna ba don ba tonon silili ya kawo ni ba. Na farko dariya aka yi min, wani ya ce Alhaji kai da take cinye maka jari kuma kai ne mai jinyarta? Na biyu an saurare ni da mutunci amma aka ce gaskiya ba su taɓa yi ba, aka haɗa min maganin kaji na sakawa a ruwa da allurar deksa wai ta rage kumburi. Ban ga laifinsu sosai ba, abin da suka sani suka ba ni.

Ta fara ci da kanta a kwana na biyar, har na fara cika baki. Wajen kwana na goma sai na lura numfashinta ya canza, wutsiya na ɗagawa tana sauka da kowane numfashi, in ta yi kukan nan nata sai ya fito a dishe, tana ci amma ƙashin ƙirji sai ƙara fitowa yake kamar wuƙa. Kwana 16 cif na shigo da asuba na same ta a kife.

Akwai wani matashin likita ɗan bautar ƙasa da ke zuwa yi wa kajina rigakafi a lokacin, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, shi ne ya ce in bari ya buɗe ta mu gani. A kan buhu muka yi a bayan sito. Abin da ya fara nuna min shi ne karayar, ƙashin har ya fara kamawa, a karkace dai amma ya kama. Sannan ya buɗe ƙirjin. Kun san burodin da aka manta a leda lokacin damina? To haka cikin yake, wasu fararen dunƙule-dunƙule kamar cuku sun manne a huhu da jikin wasu siraran jakunkuna, wani wurin har ya yi kore-kore da gashi-gashi. Ya ce min wannan funfuna ce, sunan cutar asfajilosis, kuma ya waiwaya ya kalli tsohuwar dusar da buhunan da ke sito bai ce komai ba. Ni ma ban ce komai ba. Ya juya tafin ƙafarta ya nuna min inda ya yi ja ya fara kumbura saboda tsayuwa a kan waya, ya nuna min gashin wutsiya da na fiffike duk sun kakkarye a jikin keji, ya ce ko da ta warke da wannan gashin ba za ta iya farauta ba sai ta sake wani, wata da watanni kenan.

Yaran da suka harbe ta sun karya mata fiffike ɗaya. Sauran duk ni na yi, da kyakkyawar niyya. Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin abin, ina tambaya ina karantawa a waya, kuma abin da na gano shi ne ba ni kaɗai ba ne, duk duniya masu jinyar irin waɗannan tsuntsaye sun san cewa raunin da aka kawo tsuntsu da shi daban, abin da ke kashe shi a hannun mai jinya kuma sau da yawa daban. Ku kun san wannan ko kuna da littattafan da za ku duba. Mu ne ba mu sani ba, kuma mu ne tsuntsun ke fara faɗowa hannunmu, ba ku ba.

Ku ɗauki maganar ruwan nan. Wane Bahaushe ne zai ga halitta tana haki bai ba ta ruwa ba? Tun muna yara aka karantar da mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare. Amma ba wanda ya taɓa gaya min cewa ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a buɗe a gindin harshe, in ka tsiyaya ruwa kai tsaye huhu yake tafiya, kuma hakin da take yi tsoro ne da zafin ciwo ba lallai ƙishi ba. Ba wanda ya gaya min tsuntsu ba shi da tantanin nan da ke raba ƙirji da ciki irin namu, da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, wato in ka rungume shi ka matse ƙirjin ko ka naɗe shi tamau da tsumma to shaƙe shi kake yi. Kuma wai iskar da yake shaƙa ba a huhu kawai take tsayawa ba, tana zagawa cikin jakunkunan iska guda tara har cikin wasu ƙasusuwa kamar babban ƙashin fiffike, shi ya sa ƙurar funfuna in ta shiga take samun wurin zama mai ɗumi da laima, shi ya sa kuma karayar da ƙashi ya huda fata take da haɗari ninki biyu. Funfunar nan tana ko'ina, lafiyayyen tsuntsu yana shaƙarta kullum ba abin da ke samunsa, sai tsoro da yunwa da ciwo sun karya garkuwar jiki take samun dama, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To ni na haɗa mata duka, ga taron ƴan kallo, ga ruɓaɓɓiyar dusa, ga ɗaki babu iska, sannan na ƙara da deksa wadda ita ma aikinta kenan danne garkuwar jiki. Maganin cutar akwai, irin su itrakonazol, amma yana da tsada, yana ɗaukar makonni, kuma in alamu sun bayyana sau da yawa an makara. Alhali kwali mai tsabta da aka huda masa ƙofofin iska, da tsohon tawul a ƙasa, da ɗaki mai duhu da shiru, ba su kai kuɗin katin waya ba.

Tsoro ma shi kansa yana kisa. Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Tsuntsun daji da ka ga ya yi lamo a hannunka ba sabo ya yi ba, ya sadaƙar ne, a wurinsa kai dodo ne da ke shirin cinye shi. Kokawar kamu da guje-guje da zafin rana suna iya lalata masa tsoka har abin ya taɓa ƙoda ya mutu bayan kwana biyu ko uku kana cewa ai jiya lafiya lau yake. Larabawa masu farauta da shaho sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke rufe masa ido da ƴar hular fata, da zarar ya daina gani sai ya natsu. A Abu Dhabi har asibiti guda suka gina na shaho zalla tun 1999. Ni ban ce ku gina mana irinsa ba, na san inda muke. Cewa nake a gaya wa mutane su jefa masa zane a ka kafin su ɗauka.

Sai maganar abinci, nan ma na sake cin karo bara, amma wannan karon ba a hannuna ba. Ana gyaran silin wata makaranta a unguwarmu aka faɗo da ƴaƴan mujiya uku, farare masu fuska kamar faranti. Kun san yadda mutanenmu suke da mujiya, nan take aka kashe biyu wai tsuntsuwar mayu ce, wani malami ya ɓoye ɗaya ya kai gida. Mutumin kirki, kullum sai ya sayo mata tsoka a wurin mahauci ya yayyanka ƙanana. Bayan sati uku ya kira ni don ya ji labarin shirwata, na je na tarar ƙafafun sun lanƙwashe kamar na yaron da ya yi ciwon ƙashi, ba ta iya tsayuwa, a kan gwiwa take ja, fiffike ɗaya ya karye ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Tsoka zalla ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi. A dawa uwar ɓera sukutum take kawo musu, da gashi da ƙashi da kayan ciki, su haɗiye, daga baya su amayo curin gashin da ƙashin da bai narke ba. Ɗan tsuntsun da ke girma da sauri in babu wannan sai ƙashinsa ya yi laushi kamar danƙo. Ni da nake zubar da matattun ƴan tsaki lafiyayyu da aka danne a kwali ranar da aka kawo su, da na sani ai da na ba shi. Ba ta yi rai ba ita ma. Kuma da an san abin yi tun farko, da mayar da su aka yi kusa da inda aka same su a cikin wani kwali a sama, iyayen na nan za su dawo da dare.

Wani kuma zai ce to a ba shi tantabara ko kurciya tunda abincinsa ne a dawa, nan ma da sauran rina a kaba, domin tantabaru na ɗauke da wata ƙwayar cuta a maƙogwaro wadda su ba ta cika damunsu ba amma in shaho ya ci sai wani abu rawaya kamar cuku ya toshe masa baki da maƙoshi har ya kasa haɗiya. Masu kiwon tantabara sun san ciwon a ƴaƴan shila. Flagyl na maganinsa in an gano da wuri. Sannan tsuntsun da aka tsinta ya rame ƙashi da fata, wanda zuciya ke cewa a cika masa ciki, shi ne wanda abinci mai yawa zai kashe, hanjin ya riga ya tsaya, naman sai ya zauna a jakar wuya ya ruɓe ya zama guba. Ruwan jiki likita ke fara mayar masa da ɗumi, sannan abinci kaɗan kaɗan. Mutum ma in ya daɗe da yunwa ai ba a fara masa da tuwo.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi shafarku kai tsaye, wato magani. Ranku ya daɗe kun fi ni sanin abin da ya faru a Indiya da Pakistan da Nepal. Ungulaye miliyoyi suka ƙare cikin shekaru kaɗan daga shekarun 1990, wasu nau'o'in fiye da kashi 95 cikin 100 suka tafi, aka yi ta neman dalili har sai 2004 aka tabbatar cewa diklofenak ne, maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci mushen, ƙoda ta tsaya, cikin ƴan kwanaki ta mutu. A 2006 ƙasashen uku suka hana amfani da shi a dabbobi, aka koma meloksikam wanda aka gwada aka ga ba ya cutar da su. To diklofenak ɗin nan yana nan a kowane kemis a garin nan, shi ne abin da mai tausayi zai fara saya in ya tsinci ungulu da karyayyen fiffike, ya daka rabin ƙwaya ya ɗura mata wai ta ji sauƙi. Haka jentamaisin da muke yi wa kaji kamar ruwa, ita ma tana taɓa ƙodar waɗannan tsuntsaye, balle wanda jikinsa ya riga ya bushe. In ku ba ku faɗa ba wa zai faɗa?

Kuma ungulun nan da muke rainawa ta kusa ƙarewa. Ni na taso ina ganinsu jere a kan rufin kwata da bishiyoyin kasuwa, har ana korarsu da dutse, yau yarana ba su taɓa ganin ko ɗaya ba sai a karin magana. Tun 2015 hukumar IUCN, mai kula da kare halittu ta duniya, ta saka irin tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ɓacewa. A Gini Bisau a 2020 sama da 2,000 aka kashe da guba, da yawa an sare kawunan don a sayar wa masu tsibbu, kuma kowa ya san kasuwannin ƙasar nan na cikin inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Don haka in yau aka kawo muku ungulu ɗaya tana layi, ba tsuntsu ɗaya ba ne kamar kazata da zan sayi wata gobe.

Na ce tana layi, domin ba duk wanda aka tsinta a ƙasa ne mai karaya ba, da yawa guba ce, kuma mai tsintuwa ba zai bambance ba. Wadda ta ci mushen da aka barbaɗa wa maganin ƙwari, irin wanda ake sa wa karnuka ko kuraye, za ka ga yawu na dalala, farata a dunƙule, jiki na rawa, wannan awoyi ne tsakaninta da mutuwa kuma allurar atrofin da ke cikin akwatin kowannenku na iya tashinta. A watan Mayun 2025 a gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu mafarauta sun sa wa mushen giwa guba, ungulaye sama da 100 suka mutu a wurin, amma an kwashe 84 da rai kuma kusan dukkansu sun tashi, ba don wani abin al'ajabi ba sai don an isa da wuri kuma waɗanda suka je sun san abin da za su yi. Mujiya kuma tata gubar ta ɓera ce, mu muke zuba shinkafar ɓera a sito, ɓeran ya ci ya fito yana tangaɗi, ita ta ɗauke shi a sauƙaƙe, in irin maganin nan ne mai tsinka jini sai ta yi ta zubar jini a ciki, cikin bakinta ya yi fari fat, ƙaramin rauni ya ƙi tsayawa, maganinsa bitamin K ne na makonni. Ga dalma, wadda ke shiga cikinsu in sun ci naman da aka harba da bindiga da ƴan ƙwayoyin harsashi a ciki, ruwan cikinsu mai ƙarfi ne yana narkar da ita, sai ka ga kashi kore, ƙafa ta mutu, kai ya langaɓe. Wanda wutar lantarki ta ja a kan falwaya shi kuma ranar farko ba ka ganin komai sai ɗan ƙaurin gashi, bayan kwana huɗu ko biyar ƙafa ko bakin fiffike ya bushe ya yi baƙi. Ni duk a da in na ga tsuntsu a ƙasa karaya kawai nake nema.

Akwai kuma namu haɗarin, kuma nan ne na fi jin kunyar kaina. Ni mai kaji dubu biyu na ɗauki tsuntsun daji marar lafiya na ajiye shi a ɗakin abincin kajina, da hannun da na ɗura mata nama da shi nake ɗiban dusa. Murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a duk Afirka, a Fabrairun 2006, kuma a shekarar an same ta a jikin ungulaye a Burkina Faso. Masu cin nama da mushe su ne ke kwasar ta daga abin da suka ci. Da shirwar nan ita take ɗauke da ita da na rasa gonata kaf, wataƙila da ta maƙwabta, ban da ni da yarana. Allah ne ya kiyaye. Farata kuma ba wasa ba, mutane bakin suke tsoro alhali ƙafar ce makamin, har yau akwai tabo huɗu a damtsen yaron nan nawa, sai da ya yi ruwa muka kai shi aka yi masa allurar tetanus.

Na san abin da wasu za su ce, an ma faɗa min a fuska, wai mutane na mutuwa a asibiti babu gado kai kana kukan shirwa. Gaskiya ne kuma ba na musu. Sai dai abin da nake roƙo ba ya cin kasafin kowa, kuma ko mun so ko mun ƙi mutane za su ci gaba da tsintar tsuntsayen nan suna kai su gida, yara su yi wasa da su, a ajiye su kusa da kaji. Mujiyar da aka kashe a silin makaranta kuwa ɓeraye take ci kowane dare, a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke kashe mutane duk rani ta hanyar ɓera.

To ga roƙona. Ku zauna, ko mutum biyar ne a cikinku, ku rubuta shafi ɗaya da Hausa, ba Hausar fassara ba, Hausar da mahauci da ɗan acaɓa za su gane, a kan abin da mutum zai yi a awa 24 na farko. A rufe kai da zane, a riƙe ƙafafu, a sa a kwali ba kejin waya ba, tawul a ƙasa ba dusa ko ciyawa ba, duhu da shiru, nesa da kaji da yara, kar a ɗura ruwa, kar a ɗura abinci, kar a ba da maganin kemis ko ɗaya, a wanke hannu da sabulu. Ku karanta shi a murya ku saka a WhatsApp, ku kai gidajen rediyo cikin shirin noma da kiwo, wallahi cikin sati zai zaga Arewa har Maraɗi da Damagaram. Sannan a kowace jiha a samu ko likita ɗaya da zai ce ni a kira ni, a san lambarsa a ofisoshinku da shagunan magani, don wanda aka kawo wa kuma bai iya ba ya san inda zai tura maimakon ya haɗa maganin kaji. Masana tsuntsaye suna nan a cibiyar APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a maƙwabtansu wadda dama can ake kai gwajin murar tsuntsaye, ga ƙungiyar kare muhalli da namun daji ta Najeriya, NCF, da ta daɗe tana faɗakarwa a kan ungulu, ba daga sama za ku fara ba. Malamai kuma don Allah ko darasi biyu ne a saka wa ɗalibai kafin su fita, su taɓa riƙe tsuntsu mai farata sau ɗaya, su iya naɗin fiffike, su san cewa ƙashin tsuntsu cikin sati biyu zuwa uku yake kamawa don haka in an yi jinkiri a karkace zai kama, kuma bandejin da aka bari ya daɗe ba a kwance ana motsa gaɓar ba shi ma sandarar da fiffiken yake har abada.

Abu na ƙarshe mai nauyi ne amma ku ne kaɗai za ku iya faɗarsa a ji. Ba kowane ne zai tashi ba. Wanda ƙashi ya fito ya bushe, ko karayar ta bi ta gaɓa, ko ido biyu sun tafi, ko ƙafa ta mutu, wannan ba zai koma sama ba, kuma ajiye shi a keji shekara da shekaru yana tsaye a kan kumburarriyar ƙafa mai ruwa ba tausayi ba ne ko da mai yin yana ganin tausayi ne. Mu ba mu da zuciyar yanke wannan hukunci kuma ba mu da ilimin, in kuka duba kuka ce wannan a hutar da shi cikin sauƙi za mu yarda. Likitan nan da ya buɗe tawa ya ce min karayarta a tsakiyar ƙashi take, ba ta huda fata ba, irin wadda ake sa rai ce. Na gwammace da bai faɗa min ba.

Ku kuma riƙa buɗe waɗanda suka mutu kuna rubutawa, ko a littafin makaranta ne, me aka kawo, daga ina, me aka gani a ciki. Minti ashirin aka yi a kan buhu a bayan sitona kuma da ba a yi ba da har yau ina zagin yaran kwata.

Ni dai yanzu akwai kwali biyu da na huda na ajiye a ɗakin mai gadi can bakin ƙofa, nesa da kaji, da tsohon tawul da safar hannu ta masu walda. Yaran unguwa sun san in sun kawo tsuntsu da rai ba su ja shi a ƙasa ba akwai ɗari biyar, duk da ina tsoron kar kuɗin ya sa su fara harbowa da gangan, wannan ma ina neman shawararku a kai. Abin da ba ni da shi shi ne lambar da zan kira in an kawo.

Na gode da haƙurin karantawa, Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Naku,
wani mai kiwon kaji a bayan gari